An ce ginin tashar ƙona shara ya kai kashi 85 kuma ba wanda ya ji rauni: in sa hannu?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni akanta ne, an sa ni cikin kwamitin da ke sa ido a kan ginin wata tasha da za ta riƙa ƙona shara tana samar da wutar lantarki. Rahoton watan jiya ya ce aiki ya kai kashi 85 cikin ɗari, an yi awa miliyan ɗaya ba wanda ya ji rauni, kuma saura wata huɗu a miƙa tashar. Amma da muka kai ziyara na ga masu walda har yanzu suna cikin tukunyar tururi, wayoyi a zube a ƙasa, ga kuma wani sashe an ce an riga an sa masa wutar lantarki. Ban san abin da zan tambaya ba, kuma ba na son in sa hannu a kan abin da ban gane ba. Yaya ake gane gaskiyar ci gaban irin wannan aiki, kuma yaya ake sanin ko ma'aikata suna cikin aminci?"

Wa alaikumussalam, Malam. In na fahimce ka, an ba ka lambobi uku, kashi 85, awa miliyan ɗaya da wata huɗu, idonka kuma ya nuna maka abin da bai yi daidai da su ba. Kana neman ka san wa za ka gaskata. Amsata a taƙaice: ka riƙe abin da idonka ya gani, domin abubuwa ukun da ka lissafa, walda a cikin tukunya da wayoyi a ƙasa da sashen da aka sa wa wuta, su ne ainihin labarin wurin. Kuma tambayar ci gaba da tambayar aminci, a wannan matakin da aikinku yake, sun zama tambaya ɗaya.

Bari in fara da yadda tashar take, don ka san abin da ke gaba da abin da ke biye. Motoci suna juye shara a wani katafaren rami na kankare da ke iya ɗaukar sharar kwanaki. Ƙugiya mai farata tana gauraya ta, ta ɗiba ta zuba a bakin murhu. A cikin murhun sharar tana tafiya a kan rariyar ƙarfe mai motsi tana cin wuta. Dokar Tarayyar Turai, wadda ƙasashe da yawa suke kwaikwaya, ta ce dole hayaƙin ya yi aƙalla daƙiƙa biyu a zafin digiri 850 a ma'aunin Salshiyas, don a lalata guba irin dayoksin. Zafin nan shi ke tafasa ruwa a dubban bututun tukunyar, a sami tururi, yawanci wajen digiri 400 da matsin bar 40. Ba a cika wuce haka ba saboda sinadarin kulorin da ke cikin robobi yana cin bututu in zafi ya yi yawa. Tururin ya juya tabin, wato inji mai fukafukai da ƙarfin tururi ke juyawa, tabin ya juya janareta. Hayaƙin da ya rage kuma sai an bi da shi ta amoniya ko yuriya, da garin farar ƙasa, da garin gawayi da aka sarrafa, da buhunan tacewa, kafin ya fita ta dogon bututun hayaƙi. Wato masana'anta uku ce a ƙarƙashin rufi ɗaya: ta shara, ta lantarki, da ta sinadarai. Gina irin wannan yakan ci wajen shekara uku in komai ya tafi daidai. Tashar Reppie ta Addis Ababa, wadda aka tsara ta ƙona tan 1,400 a rana, an fara ta a 2014, aka ƙaddamar da ita a watan Agusta 2018.

Kashi 85 na me?

Wannan ita ce tambayar farko da za ka yi, kuma kai akanta ka fi kowa dacewa da yin ta. Galibin rahotannin wata-wata suna auna ci gaba ne da darajar kuɗi. Tabin da janareta da manyan sassan tukunya su ne suka fi tsada, saboda haka ranar da aka sauke su daga tirela, lambar tana yin tsalle, ko da ba a kwance akwatunan ba. Na taɓa shiga wani aiki da rahotonsa ke cewa kashi 80 da wani abu, na tarar da tabin a lulluɓe da tamfol ya yi watanni, ƙura ta yi masa kauri har ana iya rubutu a kai da yatsa. An lissafa shi a cikin abin da aka kammala. Ba a sa masa busasshiyar iska ba, ba a kunna hitar da ke hana janareta shan damshi ba, ga tsatsa ta fara leƙowa a bakin bututun mai. Kuɗi dai an kashe su da gaske, wutar ce ba ta matso ko taku ɗaya ba.

Saboda haka ka nemi a raba maka lambar gida huɗu: zane, sayayya, gini, da gwajin tayar da tasha. Sau da yawa za ka ga zane da sayayya sun kusa ɗari, gini yana wajen saba'in, gwaji kuma ko goma bai kai ba. Daga nan ka bar kashi, ka koma ƙirga abubuwan da ake iya taɓawa. Walda nawa ce jimilla a bututun tukunya, nawa aka yi, nawa aka ɗauki hotonta da hasken da ke ratsa ƙarfe, nawa aka ƙi karɓa aka ce a sake? Mita nawa na kebul aka ja, kuma bakin waya nawa aka ɗaure? Jan kebul yana da sauri, ɗaure bakinsa da gwada kowane layi tun daga na'urar awo har allon ɗakin sarrafawa shi ne mai cin rai. Sannan tashar an kasa ta sashe-sashe, kamar ruwan sanyaya, iskar matsi, ruwan kashe gobara, mai, tururi. Kowane sashe masu gini suna miƙa shi ga masu gwaji da takarda da sa hannu. Ka tambayi sashe nawa ne duka, nawa aka miƙa. Wannan lambar ba ta iya kwalliya.

Abin da ka gani na masu walda a cikin tukunya kuwa yana nufin abu ɗaya cikin biyu: ko dai ba a yi gwajin matsin ruwa ba tukuna, ko an yi, ana gyaran inda ya yi yoyo ko ana liƙa sassan da ba su ɗauke da matsi. Ka tambaya kai tsaye, ka ce a nuna maka takardar shaidar gwajin. A gwajin nan ana cika tukunyar da ruwa, a matsa shi har ya kai wajen ninki ɗaya da rabi na matsin da aka tsara mata, mai binciken da ba ɗan kamfanin ba ne yana tsaye. In ba a yi shi ba, to ka cire wata huɗu daga ranka. Bayansa akwai jera tubalin wuta da busar da shi a hankali, da rufe bututu da abin tsare zafi, da wanke cikin tukunya da sinadari, da kunna wutar farko da mai ko gas, da hura tururi, da wutar farko da shara, da haɗa janareta da babban layin ƙasa, da gwajin hayaƙi, da makonnin da tashar za ta yi tana aiki ba tsayawa kafin a karɓe ta. A ayyukan da na yi, daga gwajin matsi zuwa miƙa makulli abin yakan kusa shekara.

Aski ya zo gaban goshi

Nan ne nake so mu daɗe. A farkon aiki haɗarin a bayyane yake: rami mai zurfi, ƙugiya tana shawagi da ƙarfe mai nauyin tan da yawa, mutum a kan gadon ƙarfe a tsayin bene goma. Kowa yana ganinsa, kowa yana shakkarsa. A ƙarshen aiki kuwa haɗarin ya shige cikin waya da bututu. Bututun da jiya lebura ya jingina da shi ya huta, yau yana ɗauke da tururi. Kebul ɗin da makon jiya ake takawa, yau yana da wuta. Kamanninsu bai sauya ba. Ga shi kuma a daidai wannan lokacin ne wurin ya fi cika da mutane: masu walda, masu lantarki, masu fenti, masu rufe bututu, masu gwaji, kowa da ƙaramin ɗan kwangilarsa, kowa yana aiki a saman kan wani. Ga tarar jinkiri da kwangila ta tanada tana ƙaruwa kullum, ga shugabanni sun riga sun faɗa wa duniya ranar buɗewa. A manyan tashoshi ma layi ɗaya, wato murhu ɗaya da tukunyarsa, yana ƙona shara alhali na kusa da shi ana kan gininsa. Tashar Warsan ta Dubai mai layi biyar haka aka tayar da ita, layi biyu suka fara aiki a 2023 kafin sauran.

Maganin wannan sananne ne, ba shi da tsada, sai dai yana son taurin kai. Duk sashen da aka miƙa wa masu gwaji, an fitar da shi daga hannun masu gini ke nan. A kewaye shi, a rataya masa alama mai launi, kuma ba wanda zai sake kwance ko noti ɗaya a kansa sai da takardar izinin aiki. Kafin a ba da takardar, a kashe wutar, a rufe bawul, a zubar da matsin da ya rage, a garƙame da kwaɗo, a gwada a tabbatar ba komai, kuma mai aikin ya sa nasa kwaɗon ya jefa makullin a aljihunsa. Mutum ɗaya ne ke da ikon ba da izini a kowane sashe, an san sunansa.

Zan ba ka abin da ya faru a gabana. Wani mai gyara ya shiga cikin bel ɗin kwashe toka don ya ƙara ɗaure wani ƙarfe da ya manta. A ganinsa aikin minti biyar ne, bel ɗin ma shi ya harhaɗa shi da hannunsa. Bai san an miƙa sashen kwana biyu da suka wuce ba, domin alamar ta faɗi ba wanda ya mayar. A ɗakin sarrafawa kuma yaranmu suna shirin gwada injin da ke juya bel ɗin. Abin da ya tsare shi kawai shi ne wani mai gwaji da ya ƙi danna maɓalli sai ya taka ya leƙa da idonsa, ya hango tafin takalmi a bakin ƙofar. Har yau in na tuna tafin takalmin nan sai gabana ya faɗi. A rahoton wannan watan ba a rubuta rauni ko ɗaya ba, kuma ba ƙarya aka yi ba.

Hura tururi ma abin lura ne. Kafin a bar tururi ya shiga tabin, sai an share cikin bututu daga ɓurɓushin walda da tsatsa, domin ɗan guntun ƙarfe yana iya lalata fukafukan tabin. Ana haɗa bututu na wucin gadi, a saki tururi da ƙarfi zuwa waje, a sa wani gogaggen faranti a hanyarsa. Duk bayan hurawa a ciro farantin a duba tabon da tarkace suka yi masa, a yi ta maimaitawa har ya fito sumul. Ƙarar tana iya kurmantar da mutum, bututun wucin gadin kuma in ba a tallafe shi da kyau ba yana iya fizgewa. Dole a fitar da kowa daga yankin, ko da hakan zai tsayar da aikin mutum ɗari. Abin da ya faru a tashar Kleen Energy da ke Middletown a jihar Connecticut ta Amurka ranar 7 ga Fabrairu 2010 shi ne misalin da ake koya mana. Tashar gas ce da ta kusa kammaluwa, aka share bututunta da iskar gas mai kama wuta, aka sake ta a fili alhali ana wasu ayyuka a kusa. Ta fashe, mutum shida suka mutu. Ga kuma Fengcheng a lardin Jiangxi na ƙasar Sin, ranar 24 ga Nuwamba 2016, inda dandalin aikin hasumiyar sanyaya ruwa ya rufto da sama da mutum 70. Bincike ya nuna an cire allunan da ke riƙe kankare tun bai yi ƙwari ba, saboda an matse wa'adin aiki. Duka biyun ba tashar shara ba ne, amma kankare da bututu da gaggawa iri ɗaya ne a ko'ina.

Allon nan na bakin ƙofa

Awa miliyan ɗaya tana da daɗin ji, amma ka yi lissafinka na akanta. Ma'aikata ɗari biyar, awa goma a rana, kwana shida a mako, awa dubu talatin ke nan a mako, su cika miliyan a cikin wata takwas ko ƙasa da haka. Sannan abin da allon da ake kafawa a bakin ƙofar wurin aiki ke ƙirgawa shi ne raunin da ya hana mutum zuwa aiki washegari. To akwai dabara. Na sha ganin mutum da hannu a naɗe da bandeji zaune a sito yana ƙirga noti, an kawo shi ne don kada a ce ya rasa rana. In kuma aka ɗaura wa lambar kyauta, an sayi shirun ma'aikata ke nan, domin ba mai son ya zama shi ne ya hana abokansa rabo. Ka tambaya kuma ko an haɗa da leburorin ƙananan 'yan kwangila da direbobin da ke kawo kaya.

Ni na fi natsuwa da wurin da littafinsa ke cike da "saura ƙiris": sufana ta faɗo daga sama ba ta sami kowa ba, an kama mutum ba ɗamarar tsaro, an tarar da bawul a buɗe. Wurin da ke da mutum ɗari biyar aka ce wata guda ba a sami ko ɗaya irin wannan ba, to ba a faɗa ne. Ka duba littafin asibitin wurin, ka gwada shi da rahoton da aka ba kwamiti. Ka tambaya sau nawa aka tsayar da aiki saboda aminci a watan jiya, kuma me ya sami wanda ya tsayar. Takardar shaida ta ISO 45001, wato ta tsarin kula da lafiya da amincin ma'aikata, da ke rataye a ofis tana nuna akwai tsari a rubuce, shi ke nan.

Shara kuma tana zuwa da nata matsalolin da sauran tashoshi ba su da su. Da yawa daga cikin waɗannan tashoshi ana gina su a gefen tsohon juji, inda ƙasa ba ta zauna ba kuma iskar metan ke tsatsowa. Wannan iskar tana fashewa in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri, kuma tana taruwa a ramuka da magudanan kebul. Jujin Koshe da aka gina Reppie a gefensa ya zaftare a watan Maris 2017 ya kashe sama da mutum ɗari daga cikin mazauna wurin. Da zarar an fara karɓar shara, ramin yana iya kamawa da wuta daga batirin litiyam da ƙugiya ta murƙushe, ko tukunyar gas da wani ya yar. Saboda haka ina da ƙa'ida ɗaya da ba na sassautawa: mota ko ɗaya ba za ta juye shara ba sai an gwada famfunan kashe gobara da bindigogin ruwa da kyamarar gano zafi, an ga suna aiki. Tokar ƙasan murhu in ta jiƙe, guntayen alminiyam da ke cikinta suna fitar da iskar haidirojin, saboda haka walda a kusa da inda take sai an auna iska. Tokar da matatun hayaƙi ke kamawa kuwa tana da ƙarafa masu guba kuma tana ƙona fata da ido. Duk wanda zai shiga tanki ko rumbu ko cikin tukunya, a auna oksijin tukuna, in ya gaza kashi 19.5 ba shiga, kuma a bar mutum a bakin ƙofa wanda ba shi da wani aiki sai gadi.

Abin da zan yi in ni ne kai

Hanya uku ce a gaban kwamitinku. Kuna iya riƙe wata huɗun ku ce lallai, abin da zai jawo ƙarin ma'aikata da aikin dare da cunkoso, wato duk abin da na lissafa a sama ya ninka. Kuna iya ɗaga ranar kawai, amma ba tare da sabon jadawali na gaskiya ba, bayan wata huɗu za ku dawo kan maganar nan. Ta ukun ita nake zaɓa: ku sa injiniyan da ke wakiltar mai aiki, ko wani mai zaman kansa, ya zauna da ɗan kwangila su fitar da jadawali sashe-sashe tun daga yau har ranar miƙawa, a ga wane aiki ne in ya makara kwana ɗaya komai ya makara. A kan wannan za a tsayar da rana, a kuma ɗaura biyan kuɗi a kan matakan da ke da takardar shaida, kamar gwajin matsi da wutar farko. Ku duba batun sharar kanta tun yanzu. In jiƙaƙƙiya ce, mai yawan ragowar abinci da ƙasa, ƙarfin zafinta yana iya gaza megajul 7 a kowane kilo, wanda shi ne mizanin da Bankin Duniya ya daɗe yana bayarwa, sai a koma tallafa wa wutar da mai, gwajin ƙarshe kuma ya yi ta jan ƙafa.

Ka sani daga nesa nake magana, ban taka wurinku ba kuma ban karanta kwangilarku ba. Mai yiwuwa an yi gwajin matsi tuntuni, waldar da ka gani ta ƙananan maƙalai ce, in haka ne lamarin ya fi sauƙi. Batun tara da abin da sa hannunka ke ɗora maka a shari'a kuwa na lauyan kwamiti ne. Kafin ka gan shi, kana iya rubuta a gefen sa hannunka cewa ka karɓi rahoton ne bisa sharaɗin a kawo rabe-raben lambar da takardun shaida.

Ziyara ta gaba kada ka sanar da rana. Ka je da sassafe lokacin da ake raba aiki, da hular kwano da takalmin aiki da ɗan rakiya kamar yadda dokar wurin ta ce. Ka wuce ofishin izinin aiki, ka zaɓi takarda ɗaya daga cikin na ranar, ka ce a kai ka inda ake aikin. In ka isa, ka tambayi mai aikin, ba shugabansa ba, ina aka kashe wutar wannan injin. Ka ce ya kai ka wurin kwaɗon, ya ciro makullin daga aljihunsa ya nuna maka.